Littafin Awon Inna Filomina

Ba ta taɓa goyo ba, in dai goyo na zane ne.
Amma ku je Mabera, bayan injin niƙa,
ku tambayi shagon Filomina tela,
za a ce: Wacce? Uwar yaran coci?

Ladanin unguwa ne agogonta.
Yana ɗaga murya, tana sauke gwiwa
a kan tabarmar da ta san nauyinta.
Carbinta baƙi ne, ƙwaya ɗaya ta ɓace tun ban yi wayo ba,
ta cike gurbin da maɓallin riga.
In yatsa ya iso kan maɓallin nan, ta ce,
nan nake tsayawa in tuno wanda na manta.

Akwai littafin awo a aljihun keken ɗinki,
bangonsa ya sha mai, ya sha zufa.
Shafin dama: kafaɗa, ƙugu, tsawon hannu.
Shafin hagu: abin da tef ba ya aunawa.
Dominik, jarrabawa, karo na uku.
Rahila ta Kwannawa, wata bakwai, hawan jini.
Bitrus ya bar giya ran Talata. Ya koma. Ya bari.
Murtala ɗan mai waina, karaya, gadon asibiti.
Na ce, Inna, wannan ai ba namu ba ne.
Ta ce, da na auna masa wandon Sallah
ban ga inda aka rubuta hakan ba.

Mu ashirin da uku ta riƙe a bakin ruwan baftisma.
Kowa da farar rigarsa, ba ta karɓi ko sisi ba,
kuma takan bar kalmasa mai faɗi daga ƙasa.
Ɗa girma yake, ta ce,
alheri ma a bar masa wurin saki.

Tsakar rana a bazara, Sakkwato ta koma tanda,
an ɗauke wuta, fanka ta yi tsit.
Sha biyu daidai take janye ƙafa daga keke,
ko amarya ce tsaye tana duban agogo.
Minti uku, na gaisuwar mala'ika ga Maryamu.
Sannan allura ta koma kan maganarta.

Kada ku ɗauka waliyyiyar jikin kalanda ce.
Tana da faɗa.
Ta yi wata takwas ba ta gaida katakis
kan kuɗin ankon Zumuntar Mata,
sai ran Larabar Toka ta same shi a gindin dalbejiya,
goshinta baƙi, ta ce: ni ce na fi laifi, amma kaɗan.

Shekarar da na daina zuwa Misa
ba ta yi mini wa'azi ba.
Aikowa ta yi: zo in sake auna ki.
Ta zagaya tef a ƙirjina, ta daɗe shiru,
ta ce, nan ne ya matse.
Ta rubuta a hagu.

Yanzu yana ta rufe mata ido.
Ni ke zura zare, ni ke karanta sunayen,
ita tana amin, tana yi mini gyara:
wannan ta sauka lafiya, soke, sa godiya.
Bitrus fa? A bar shi. Bitrus ba a soke shi.

Jiya Keziya ta kawo jaririyarta,
wai ni zan riƙe ta ran Asabar.
Na ce, Inna, ni da ko addu'ar safe makara nake?
Ta laluba aljihun keke, ta miƙo mini tef
da sabon littafi mai ganye arba'in.
Fara da tsawonta, ta ce.
Sauran, Mai ita zai nuna miki inda ya yage.

Na auna. Inci ashirin, har da ɗan ɗori.
Na rubuta a dama.
Hagu fari fat, yana kallona.
Na sa sunanta a sama, Monika,
biro yana rawa,
na bar fili mai faɗi daga ƙasa.